Goma Cif

Babana ya shekara arba'in da ɗoriya yana tura katako a bakin inji, kuma har yau yatsunsa goma suna nan, ko farce ɗaya bai bari a shago ba. Wanda bai san aikin kafinta ba zai ce to sai me? Ya je ya gaisa da tsofaffin kafintoci sa'o'in Baba, hannu da hannu, sannan ya dawo mu yi magana. Wani in ka kama hannunsa sai ka ji kamar an rage maka canji. Shi ya sa duk layinmu babu mai kiran Baba da sunan yanka, sai Goma Cif.

Mai walda da ke jikin shagonmu, abokin wasansa tun suna samari, shi takwas da rabi gare shi. Kullum da safe in sun gaisa sai ya riƙe hannun Baba yana lalubawa.

"Har yanzu dai ba a rage ba?"

"Sai dai in aro kake nema," in ji Baba. "Ni kuwa ba na ba da aro."

Ni ce 'yarsa ta tsakiya, kuma ni ke riƙe da shagon yanzu. Yayana ya zaɓi tuƙin mota, ƙanena da ya ga garin katako sai atishawa, ni kuwa tun ina ƙarama ƙanshin sabon katako ya fi mini turare. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini ko a gaban masu kawo aiki. Har gobe akwai masu shigowa su wuce ni ina tsaye da fensir a kunne, su tambayi Dogo ina mai shagon. Dogo, babban ma'aikacinmu, sai ya nuna ni da haɓa. Ba na jin haushi. Nakan bari su gama jin kunyarsu, sannan in tambaye su me ke tafe da su.

Shagon dogon ɗaki ne mai rufin kwano. Injuna huɗu ne a ciki: na huda, na goge katako, na kankare shi ya yi sumul, sai babbansu can ƙurya, injin tsaga, teburin ƙarfe da faifan zarto ya leƙo ta tsakiyarsa, haƙoransa kowanne ya kai ƙwayar masara. A bango kusa da kowane inji, daidai idon mutum, akwai ƙusa ɗaya da aka shafa wa jan fenti. A bakin ƙofa kuma akwai babban makunni mai kashe wutar shagon gaba ɗaya, a samansa an rataye wata tsintsiya mai dogon kota.

Dokokin Baba suna da yawa, kuma ban taɓa ganin wadda ba ta da dalili ba. Ba a zuwa gaban inji da riga mai faɗin hannu, ko zobe, ko agogo. Safar hannu ta ɗaukar katako ce, in za ka kunna abu mai juyawa ka cire ta, domin inji in ya kama zare sai ya bi shi har gida. Ni ɗankwalina ɗaurin tamau nake yi masa, in cusa bakinsa ciki. Tabarau kafin makunni. Murfin da ke kan faifan zarto ba a cire shi don sauri. In katako ya kusa ƙarewa, da sandar turi ake ƙarasa shi, ba da hannu ba. Kuma wanda yake yanka ba a kiransa, ko da uwarsa ce ta zo a bakin ƙofa, sai ya kashe.

Amma uwar dokokin ita ce ta ɗauke wuta. A unguwarmu wuta ba ta sallama, ko za ta tafi ko za ta dawo. Kana tsakiyar yanka sai ka ji injin ya yi gunaguni ya tsaya, shago ya yi tsit. Nan ne mutum yake sakin jiki. Ya ga faifai a tsaye, sai ya ce bari in cire ɗan guntun nan da ya maƙale, bari in share garin nan. Ya manta makunni yana nan a kunne. Can wani da ba ka sani ba, a wani ofis da ba ka taɓa gani ba, ya mayar da wuta.

"Inji in an ɗauke wuta ba mutuwa ya yi ba," Baba yakan ce. "Numfashi ya riƙe."

Don haka da wuta ta tafi, kalma uku ce: kashe, zare, rataya. Ka kashe makunni, ka zare fulogi daga bango, ka rataye shi a jar ƙusar nan inda kowa zai gani. Sai ƙusarka ta ɗauki fulogi sannan hannunka zai kusanci haƙori. Wanda ya saɓa, mai shago zai sauko da tsintsiyar nan ya miƙa masa a gaban kowa, ya yi sati yana shara, ba ya taɓa inji. In ya yi sau uku, ya rabu da inji a shagon nan har abada.

Ba wasa Baba yake da ita ba. Baffana, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi na uku ina 'yar makaranta. Dangi suka taru, aka ba Baba haƙuri, aka ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Baba ya ce haka ne, amma ranar ba za ta same shi a shagona ba. Baffa ya yi fushi ya daɗe ba ya taka gidanmu. Yanzu yana sayar da fenti, da yatsunsa goma, har ya fi mu ƙiba. Dogo ya taɓa riƙe tsintsiyar sau ɗaya. Ni kuwa, ba yabon kai ba, ban san nauyinta ba sai in ina kakkaɓe ta.

Bara Baba ya yi jinya mai tsawo. Da ya tashi, ya tara mu ya miƙa mini makullan shago.

"Daga yau Uwata ce mai shago. Ni ma'aikaci ne kamar kowa."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Abu ɗaya ya riƙe wa kansa, injin tsaga. Tare suka tsufa, ya san kukansa kamar yadda uwa ta san na ɗanta. Kuma har lokacin in ya tsaga katako, ɗora ma'auni ɓata lokaci ne.

Sai dai jinyar ta tafi da wani abu da ba a gani. Da farko ƙananan abubuwa ne. Ya nemi fensir har shago ya ɗauka, alhali yana kunnensa. Ya auna katako, ya juya, ya sake aunawa kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya tambaye ni lafiyar yarana, in amsa, kafin shayinsa ya huce ya sake tambaya. Muka ce tsufa ne, wa ya fi ƙarfinsa? Hannunsa dai ba ya rawa, idonsa garau.

Ranan nan aka ɗauke wuta da hantsi. Ina can baya ina zaɓen katako, sai na hango Dogo ya bar wurinsa yana tafiya kamar mai neman wani abu a ƙasa. Ya bi ta bayan Baba, wanda ya juya yana hira da mai walda ta taga. A ɓoye ya danna makunnin injin tsaga, ya zare fulogin, ya rataye a ƙusa, ya dawo yana fito. Mutum mai tsawon Dogo bai dace da saɗaɗe ba.

Na jira shi a ɗakin ajiyar katako.

"Me na gani?"

"Me kika gani, Yaya?" Ya girme ni da shekara goma, amma tun da na karɓi makulli yake ce mini Yaya.

"Dogo, kar ka mai da ni yarinya. Sau nawa ke nan?"

Ya dubi rufi, ya dubi takalminsa. "Wannan ne na biyu. Na farko ranar da kika je duba aikin makarantar nan."

Raina ya ɓaci sosai. Na ce masa wato shi ya zama ƙusar Baba ke nan? Ran da zawo ya kama shi fa, ko ya fita sayen ƙusa? Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "To ke za ki iya miƙa masa tsintsiya? Shi ya koya mini riƙe guduma. Ke kuma shi ya haife ki."

Ni da ba na shakkar kowa a layin nan, ranar na ji tsoro, kuma tsoro biyu ne. In na bar shi, wata rana za a kawo wuta hannunsa yana kan faifai. In na hana shi, ban san wanda zai rage a cikin rigarsa ba.

Da yamma na bi ta gida. Na tarar Baba ya riga ni, yana tsugune a bakin ƙofar ɗaki ya miƙa hannuwa, Inna tana zuba masa ruwa da buta. Haka suke yi kullum tun kafin a haife ni. Ba ya shiga ɗakinta sai ta wanke masa hannu da kanta, ta goge da tsumma yatsa bayan yatsa. Mu muna yara mun ɗauka don kar ya ɓata mata shimfiɗa da garin katako ne, ita ma haka take cewa.

Da ya fita wurin abokansa na faɗa mata komai. Ta ninke tsumman nan ta ajiye.

"Na sani," ta ce. "Jiya gishiri ya zuba a shayi. Amma ki ji ni da kyau. Lokacin jinyarsa ba magani ne ya tashe shi ba, cewa yake injinsa zai yi tsatsa. Mutumin nan in kika raba shi da injin nan, kin raba shi da dalilin tashi da safe. Zai zauna mini a tabarma yana kallon bango, ni kuma ba zan iya kallon wannan ba."

"Inna, yatsunsa fa?"

"Ki sa ido. Ke da Dogo ku sa ido. Ba ku da idanu huɗu?"

Na gwada dabara, don ba na son a ce ban gwada ba. Na je wurin mai gyaran wuta na ce ya sa mana irin makunnin nan da in wuta ta tafi yake kashe kansa, ba ya tashi sai an sake danna shi. Ya ce gobe. Goben mai gyaran wuta kuwa sai mai dogon rai. Kuma ko da ya zo, na san rabin magani ne. Wanda ya manta fulogi yau, gobe sandar turi zai manta, makunni kuwa ba ya riƙe wa mutum hannu.

Na fara tura wa Baba aikin da ba na inji ba. Duba mana haɗin ƙofar nan, Baba. Zaɓa mana launi, Baba. Kwana biyu ya yi yana bi na, a na uku ya cire tabarau ya dube ni.

"Uwata, yaushe na zama mai fenti?"

"Idonka ya fi namu ne, Baba."

"To idon nan ya ga katakon mai kemis a jingine ba a tsaga ba. Matsa mini."

Na matsa. Na buɗe baki zan yi maganar, sai na ga yadda ya shafa teburin injin da tafin hannu kafin ya kunna, kamar mai gaida tsohon aboki. Maganar ta koma ciki.

Aikin kantocin wani mai kemis ne, allunan jera magani, siraran katakai masu yawa. Rana ta take, kwano ya ɗau zafi, injuna uku suna kuka lokaci ɗaya. Dogo yana kan na kankara, ɗaya ma'aikacin namu yana huda, Baba yana tsaga. Ni ina bakin ƙofa ina sallamar mai kurar da ya kawo katako.

Sai wuta ta tafi.

Kukan injuna ya sauka, fankar sama ta rage gudu, rediyon telan da ke tsallaken titi ya yi shiru a tsakiyar waƙa. Idona ya bi bango da kansa, kamar yadda ya saba. Ƙusar injin huda, da fulogi. Ta kankara, Dogo yana ratayewa. Ta goge, tun safe nata yake rataye. Ta ƙurya kuwa, jar ƙusa ce tsirara.

Baba ya ɗaga murfin faifai. Wani siririn guntu ya maƙale tsakanin faifan da bakin teburi, ya sa yatsa biyu yana jan sa, babban yatsansa ya dafe haƙoran don faifan kar ya motsa. Yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Dogo ya juya baya, bai gani ba, kuma wani dogon katako ya raba su.

Ban yi ihu ba. Wanda hannunsa ke kan haƙori ba a firgita shi, shi ya koya mini. Kuma ƙuryar ta yi nisa. Babban makunni yana bayan kafaɗata. Na juya na kama shi da hannu biyu na ja ƙasa, ya yi ƙara ƙwas.

Ban ko saki ba sai rediyon tela ya ɗauki waƙarsa daga inda ya ga dama. Injin mai walda ya yi gurnani ta bayan bango. Yara a titi suka sa ihun an kawo wuta.

A shagonmu kuwa ko fanka ba ta motsa ba.

Baba ya daina waƙa. Ya saurari rediyon, hannunsa yana nan inda yake. Ya ɗaga kai ya dubi fankar da ta ƙi juyawa. Ya sauke ido kan makunnin injinsa, ya gan shi a kunne. Ya dubi ƙusa. Daga ƙarshe ya dubo bakin ƙofa, ya gan ni riƙe da babban makunni. A hankali ya janye hannunsa daga faifan, ya riƙe shi da ɗayan a ƙirjinsa.

Mai kura ma da bai san dawan garin ba ya tsaya da igiya a hannu.

Dogo ne ya fara magana, da sauri. "Ni ne, Baba. Ni na mayar da fulogin ɗazu, ina gwada..."

"Dogo," in ji Baba, "ƙarya ba ta yi maka kyau. Tsawonka ya yi mata yawa."

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ni aka ba makulli, kuma tsintsiyar tana saman kaina. Na miƙa hannu na sauko da ita. Tsawon shagon nan na sha bin sa a guje, ranar kuwa kamar an ƙara masa wani. Na wuce injin huda, na wuce Dogo da ya kau da kai. Da na isa gaban Baba na durƙusa a cikin garin katako, na miƙa masa ita da hannu biyu.

Ya dube ta. Shi ya ɗaura mata kotar nan da kansa.

"Sati ɗaya ke nan," ya ce.

Da na ce to, da an wuce wurin. Sati ɗaya ya yi shara, a yi dariya, mai walda ya samu abin tsokana, ya koma kan injinsa. Dogo yana yi mini ido yana roƙo. Maganar Inna tana kunnena. Amma na ga inda babban yatsan nan yake ɗazu.

"Baba, ka gafarce ni. Ba sati ba ne."

Ya kalle ni. Sannan ya juya wurin Dogo. "Na taɓa yi?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake. Sau nawa?"

"Biyu, Baba. Wannan na uku."

"Kai ka rufa mini?"

"Ni ne."

Baba ya gyaɗa kai. Na ga abin ya shige shi, kuma na ji kamar in jefar da tsintsiyar in ce wasa nake. Ban jefar ba. Hannuna ya fara gajiya amma ban sauke ba.

Bai karɓa nan take ba. Ya juya ga injin, ya danna makunni ya kashe. Ya sunkuya ya zare fulogi, ya naɗe wayar a hannu yadda yake so a naɗe ta, ya rataye a jar ƙusa. Ya ɗauki sandar turi ya zungure guntun da ya maƙale, ya mayar da murfin faifai. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya ajiye a kan teburin. Sannan ya karɓi tsintsiyar.

"Tashi, Uwata. Mai shago ba ta durƙusa wa ma'aikaci." Ya ɗaga murya yadda har mai kura zai ji. "Da ba ki kawo ta ba, da na karɓe makullina. Kuma a nemo wata tsintsiyar. Wanda ya ga ƙusa tsirara ya rufa wa mutum asiri, shi ma sati ne. Sabuwar doka ce, in mai shago ta yarda."

"Ta yarda," na ce.

Dogo ya yi wata dariya mai haɗe da hawaye, ya ce shi aro zai je yi wurin tela. Sai da na bi injunan ɗaya bayan ɗaya na tabbatar kowanne a kashe yake, sannan na ɗaga babban makunni. Fanka ta juya. Na ɗauki tabarau na ƙarasa tsaga katakon mai kemis da kaina, ina jin ƙarar tsintsiya a bayana. Ban waiwaya ba, don in na waiwaya ba zan ga layin da nake bi ba.

Da aka tashi, Baba ya jingine tsintsiyar ya tafi bai jira ni ba. Ban bi ta gida ba ranar. Inna ta aiko jikarta ta ce a gaya mini ta ji, kuma ba ta da abin cewa. Wannan ya fi zagi ciwo.

Washegari na yi sammako. In na tarar da bakin shago babu kowa, to maganar Inna ta tabbata, kuma ni na jawo. Tun daga kan kwana na hango ƙura tana tashi. Yana nan, ya share gaban shagon har ya shiga na mai walda, shi kuwa mai walda yana zaune a benci yana ba da umarni.

"Ga wani wuri can ka tsallake, Goma Cif! Shekara arba'in ina jiran ranar nan."

"Ɗaga ƙafarka," in ji Baba, "kar in haɗa da kai. Shara ba ta zaɓe."

Da na buɗe shago ya shiga ya jawo tsohon akwatinsa daga ƙarƙashin benci, wanda rabon a buɗe shi tun zuwan injuna. Zarton hannu, magagari, guduma, dutsen wasa ƙarfe, duk a naɗe cikin tsumma mai mai. Ya kafa teburinsa a bakin ƙofa, daidai ƙarƙashin babban makunni, inda yake ganin ƙusoshin nan huɗu a jere. Ya ce duk haɗin ƙofa da gyaran baki a kawo masa, mu injunanmu gaggawa kawai suka iya. Da aka ɗauke wuta da azahar, kafin fanka ta gama tsayawa muryarsa ta cika shagon.

"Kashe! Zare! Rataya!"

Har Dogo da ke riƙe da tsintsiyar aro sai da ya zabura yana neman abin da zai zare.

Da yamma muka taka gida tare. Bai yi maganar jiya ba, ni ma ban yi ba. Ya tambaye ni lafiyar yarana sau biyu a hanya, na amsa sau biyu. Da muka shiga ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki ya miƙa hannuwa, Inna ta fito da buta. Ba ta dube ni ba. Ta zuba masa ruwa tana yi masa faɗan ya bar hularsa a kan randa, ta miƙa masa tsumma ya goge da kansa, ya shige ciki.

Na tsaya ina jiran nawa rabon faɗan. Ta zubar da sauran ruwan a gindin bango, ta juyo gare ni.

"Kin san me ya sa nake wanke masa hannu?"

"Garin katako, Inna."

"Garin katako." Ta yi tsaki. "Ƙirgawa nake. Tun ina amarya, kullum in ya fita sai gabana ya faɗi, in ya dawo in zuba ruwa in ƙirga yatsun. Ban taɓa faɗa masa ba." Ta miƙo mini butar, ta share ido da gefen zane. "Yau na zuba ban duba ba. Shigo ki ci abinci."